Rigar Talabijin

Kafin tsohon ya taɓa komai, sai ya kai bayan hannunsa kusa da gilashin talabijin, ya riƙe shi a nan kamar mai jin zafin goshin yaro. Duk wanda ya shigo ɗakin ya gani yakan ɗora abin a kan ciwon mantuwar da ke damunsa, kamar yadda ake ɗora sa takalmi a juye da kiran jikarsa da sunan ƙanwarsa da ta rasu tun da daɗewa. Matarsa kaɗai ta san ba ciwo ba ne. Jira yake gilashin ya ɗumama, ya fara ƙas-ƙas ɗin nan a hankali, gashin hannunsa ya mimmiƙe. Sai gashi ya miƙe riga take kamawa.

Riga ita ce wata leda mai kauri, garai-garai, da aka yanka daidai fuskar talabijin aka yi mata zane. Idan gilashin ya ɗumama aka shafa ta a kai, sai ta manne da kanta, ba gam ba ƙusa. A bayanta ɗigon haske ke yawo. Wadda ta yi wa rigunan fenti kuwa ita ce matar tsohon, wadda mutanen layin ke kira Inna Mai Fenti, ko da yake yawancinsu ba su san fentin me ba.

Tana budurwa ta shiga kamfanin. Wani dogon zaure ne mai rufin kwano a bayan layin dogo, inda ake harhaɗa wani akwatin wasa da ake jonawa a talabijin ta gida. Sunan da aka buga a jikin kwalin bai taɓa zama a bakin kowa ba, Ɗan Ɗigo ake ce masa. Sunan ya dace da shi, domin abin da yake nunawa ke nan: ɗigo uku farare da layi guda a tsaye. Ba ya magana, ba ya kiɗa, ba ya ƙirga wanda ya ci. Kowane ɗan wasa yana da ƙaramin akwati mai murɗi biyu irin na rediyo, ɗaya ya kai ɗigonsa sama da ƙasa, ɗaya hagu da dama. Filin ƙwallo, daji, titin tsere, gida mai hawa uku, duk a jikin riga suke.

Inji ke buga baƙin zanen. 'Yan mata ke cika launi da burushi, ta bayan ledar, a kan teburi mai fitila a ƙarƙashin gilashi. Ba a buɗe taga, don kada ƙura ta sauka kan ɗanyen fenti. Warin tina, ruwan da ake sirka fenti da shi, ya cika zauren har ya bi mutum gida, ya shiga abincinsa. Kafin a tashi aiki idanun kowa sun yi jajir, kai na sarawa. Ita aka bar wa Gidan Duhu, saboda hannunta ba ya rawa. Gida ne baƙi ƙirin mai tagogi da aka bari ba fenti. Ɗaya ya ɓoye ɗigonsa a bayan bango, ɗaya ya bi ɗaki-ɗaki yana nema, ba ya ganin komai sai idan hasken ya gifta ta taga.

A nan ta haɗu da wanda ya zama mijinta. Ɗan talla ne na kamfanin, yana bi gida-gida da akwatin fata, bakinsa ba ya rabuwa da "gwada ki gani", har sunan Gwada ya bi shi. Wata rana ya shigo zauren fenti da riga a hannu, yana ɗaga murya.

"Wace ce ta yi dajin nan? Koren ya yi kauri, zomo ya shiga bai fito ba. Na sha kunya a gaban mutane."

Ba ita ta yi ba, amma ita ta fi kusa da ƙofa. Ta karɓa, ta ɗaga ta ga fitila, ta ce, "Ga zomonka nan. Tabarau kake buƙata."

Ya dawo washegari da wani ƙorafin, ya sake dawowa da wani. Da ƙorafin ya ƙare masa, sai ya tura manyansa gidansu.

Ɗan Ɗigo bai yi tsawon rai ba. Wasu akwatunan suka shigo daga waje, masu launinsu da kiɗansu, ana cusa musu kaset a canza wasa. Yaran da ke taruwa a kan Gwada suka fara tambayarsa, "Ba ya ƙara?" Kamfanin ya gwada fito da na biyu mai ƙararrawa a ciki, ba wanda ya waiwaye shi. Wata safiya ma'aikata suka tarar da sarƙa a ƙofa. An kwashe ragowar akwatunan a mota zuwa juji, rigunan kuma masu shaguna suka ɗiba suna toshe fasassun tagogi. Gwada ya tsira da na gwajinsa, ya tura shi ƙarƙashin gado, ya shiga tallan fanka. Daga fanka ya koma agogon bango, daga nan filas, daga nan katifa. Ita kuma ta koma rubuta allunan shaguna, har idanunta suka fara yi mata hazo ta bari. 'Yarsu ta yi aure nesa. Ɗansu, wanda take kira Babba, ya zama direban bas, yana zaune da iyalinsa layi biyu tsakaninsu. Idan hira ta kai kan wasannin da, mutane kan lissafa waɗanda suka yi suna. Inna ta taɓa ambatar Ɗan Ɗigo a irin wannan hira, aka ɗauka wani magani take nufi.

Ciwon ya shigo wa tsohon a hankali. Ya fara da manta inda ya ajiye hula, ya kai ga manta hanyar gida. Ya fita da hantsi wata rana, sai bayan la'asar wani mai kayan miya ya riƙo hannunsa ya kawo shi. Tun ranar Babba ya kawo maganar sakata.

"A sa ta waje, Inna, da kwaɗo. In za ki kasuwa ko bayi, ki rufe. Ni ina kan titi wuni guda, na san yadda ake tuƙi a garin nan, ni ma da ni ake yi."

"Ba a kulle ubanka kamar akuya ina da rai," in ji ta.

Abin da ya tsayar da maganar shi ne akwatin fatar. Tana shara ta jawo shi daga ƙarƙashin gado, tsohon na zaune a gefe yana kallon bango. Da ya ga akwatin sai ya miƙe, ya nemi kwat ɗinsa. Talabijin ɗinsu tsohuwa ce, irin mai ƙeyar nan da sai mutum biyu ke ɗagawa. Ya jona wayoyin ba tare da ya yi kuskure ko ɗaya ba, mutumin da ya kasa ɓalle maɓallin rigarsa da safe.

Daga nan abin ya zama na kullum. Rana na yin sanyi zai sa kwat, ya ɗauki akwati daga uwar ɗaka, ya tsaya a ƙofar falo ya ƙwanƙwasa.

"Sallama dai, uwar gida. Maigidan na nan?"

"Ya fita."

"Ba komai, ai ke ce mai gidan, shi haya yake. Minti biyar kawai zan ci miki. Ba sai kin saya ba, gwada ki gani."

Sai ta zauna ta yi baƙuwa. Ya nuna mata ƙwallo, ya bari ta ci shi. Ya nuna mata tsere. Daga ƙarshe ya shafa Gidan Duhu a gilashin, ya ja baya yana kallo, ya ce, "Kin ga tagogin nan? Da hannu aka yi. Matata ce ta yi." Sai ya juyo, ya daɗe yana dubanta, fuskarsa ta saki. "Ashe ke ce." Bayan haka yakan ci abinci ba gardama, ya sha magani, ya kwana lafiya. Ƙofar gida tana buɗe, bai ƙara nufarta ba. Tallansa ya riga ya yi, ba shi da sauran abin nema a waje.

Babba yakan leƙo ya gan su, ya yi dariya. "Baba, har yau ba ta saya ba? Wannan kwastoma taurin kai gare ta."

"Kai wane ne?" in ji tsohon. "Jira layi ya zo kanka."

Haka suka yi shekara biyu. Hazon idon Inna ya yi ta ƙaruwa har likita ya ce a yi wa na dama aiki. Ta kwana a asibiti, surukarta, matar Babba, ta zauna da tsohon. Da aka sallame ta, Babba ya ɗauko ta yana ta murmushi a hanya, ya ƙi faɗin dalili. Ya shigo da ita falo yana riƙe da hannunta, idonta ɗaya a naɗe da auduga.

Teburin talabijin ba komai a kansa sai zanen ƙura mai kusurwa huɗu. A bango kuwa an kafa wata sabuwa, faffaɗa, shafal kamar faranti.

"Sabon ido sai sabon kallo," in ji Babba. "Waccan fa duhu ta fara yi, ita ke ƙara kashe miki ido. Na tambaya sai da na samo mai ramin eriya, akwatin Baba zai shiga."

"Ina tsohuwar?"

"'Yan gwangwan masu sayen tsofaffin kaya sun wuce jiya, na ba su. Bayana har yanzu ciwo yake."

Ta dubi fuskarsa da idon da ya rage. Ta san yawan tafiyar dare da ya yi kafin ya iya sayen wannan abin. Ta ce, "Allah ya yi albarka," ta zauna.

Da yamma tsohon ya ƙwanƙwasa kamar kullum. Ɗigon sun fito, sai dai sun baje sun zama kamar ƙwai. Ya kai bayan hannu ya jira. Ya daɗe yana jira. Ya shafa riga, ta sulale ta faɗi ƙasa. Ya ɗauka ya goge ta a kwat ɗinsa ya sake shafawa, ta sake faɗuwa.

"Ki yi haƙuri, uwar gida. Bai taɓa yi mini haka ba."

Babba ya kawo salatif ya manne kusurwoyin. Rigar ta tsaya a tsakiyar faffaɗan gilashin kamar hankici a kan gado. Ƙwallo ta fice daga fili ta ci gaba da tafiya a inda babu zane. A Gidan Duhu, ɗigon ya ratsa bango ya tsaya a waje, kowa na ganinsa. Tsohon ya zare wayoyin, ya nannaɗe su, ya rufe akwati.

"Ba zan sayar miki da lalataccen kaya ba. Zan mayar kamfani su canza."

Ranar bai ce "ashe ke ce" ba, kuma bai ci abinci ba.

Washegari tana wanka ya fita da akwatin. Inda kamfanin yake a da, yanzu babban titi ne mai hannu biyu, amma ƙafafunsa sun san hanya. A tsakiyar titin aka same shi, a kan ɗan tudun da ya raba motoci, babur ya buge shi ya gudu. Goshinsa ya tsage, gwiwarsa ta kumbura, akwatin yana rungume a ƙirjinsa. Bayan an ɗinke shi an dawo da shi gida, Babba ya tsaya a tsakar gida da jinin uban a rigarsa ta aiki.

"Inna, ni na jawo, na sani. Amma gobe zan kira kafinta."

"Ka ba ni zuwa ƙarshen mako."

"Ki yi me?"

"In nemo mai ƙeya."

Likita ya hana ta shiga rana da ƙura. Ta sa baƙin tabarau ta fita. Ta fara da layin masu gyaran rediyo. Na farko ya ce rabonsa da irinta tun kafin ya yi gemu. Na biyu yana da ɗaya a ƙarƙashin benci, amma kyanwa ce ke haihuwa a ciki. Wani dattijo da ke liƙa waya da dalma ya ce mata, ba tare da ya ɗago ba, "Je ki wurin 'yan gwangwan, Inna, amma ki yi sammako. Ba sa bari su kwana."

Filin 'yan gwangwan yana bayan tashar manyan motoci. Tun daga nesa ake jin warin roba da ake ƙonawa. Ƙasa duk ɓaraguzan gilashi ne masu kauri, suna ƙara a ƙarƙashin takalmi. Ta tsaya tana kallon yadda ake yi: a kifa talabijin, a ɓalle ƙeyar, a buga wa wuyan gilashin guduma ya ja iska da wani irin huci, a zare jan ƙarfen da ke naɗe a wuyan, a jefar da sauran. Ta tambayi tasu, ta kwatanta musu gefen da ya ƙone da kyandir. Mai filin ya nuna mata tsibin ɓaraguzan da haɓa.

"Zaɓi taki a ciki. Me za ki yi da ita, Inna? Ko sadaka aka ba ni ba na kaiwa gida."

"Mijina ne ba shi da lafiya."

Ya dube ta, ya dubi tabarau ɗin. Ya ce ta dawo, in an kawo mai rai zai ajiye mata. Ta yi ta zuwa kullum da safe, tana barin surukarta a bakin ƙofa tana gadin tsohon, wanda ke yini yana neman hanyar fita da akwatinsa. Idon da aka yi wa aiki ya fara ruwa, ya koma ja. Ana gobe wa'adin zai cika aka samu ɗaya, ƙarama, irin ta ɗakin masu gadi. Mai filin ya jona ta a wuta ta kawo haske, ya sa aka kai mata gida a baro.

Rigunan sun fi gilashin girma ta kowane gefe. Inna ta shimfiɗa su a kan tabarma ta daɗe tana kallo. Ba wasu a duniya da ta sani sai waɗannan. Ta ɗauko almakashi. Filin ƙwallo ya rasa ragarsa biyu. Titin tsere ya rasa kwanar ƙarshe. A Gidan Duhu sai da ta cire rufin da hawa na uku gaba ɗaya, har da 'yar tagar soro da ta fi kowace wuyar yi. Hannunta, da ba ya rawa a da, ya karkace a gefe guda.

Ta jona akwatin da kanta, ta kunna, ta jira, ta shafa rigar. Ta kama.

Rana ta yi sanyi, ba a ƙwanƙwasa ba. Ta leƙa uwar ɗaka ta same shi zaune a bakin gado, bandeji a goshi, kwat ɗin a ƙasa. Ta kamo hannunsa ta kawo shi falo ta zaunar da shi a kujerar da ta saba zama. Ya kalli ɗigon suna rawa a bayan bangon gidan. Bai tashi ba.

Sai ta gyara mayafinta, ta koma bakin ƙofa, ta ƙwanƙwasa.

"Sallama dai, maigida. Minti biyar kawai zan ci maka. Ba sai ka saya ba."

Ta ɗora masa akwatin murɗin a cinya, ta sa yatsunsa a kai. Ta ɓoye ɗigonta a ɗakin ƙasa, inda ko makaho zai same shi, ta yi ta gifta shi ta taga. Ya murɗa sau ɗaya, ɗigonsa ya haura sama inda ta yanke, ya ɓace. Ya cire hannunsa.

"Abin da kyau, baiwar Allah," in ji shi, cikin ladabin da yake yi wa baƙi. "Amma ba na sayen komai sai na shawarci matata. Ita ta san launi."

"To ga ni, Malam."

"Tana wurin aiki. Ba sa buɗe musu taga, kanta ke ciwo." Ya dafa hannun kujera ya miƙe da ƙyar. "Bari in je in taho da ita, yamma ta yi. Ta ina ake fita?"

Ta sha gabansa. Ya ture ta, ba da ƙarfi ba, yadda ake ture labule. Surukarta ce ta riƙe shi a zaure, yana ta roƙonta ta sake shi kada a tashi aiki matarsa ta rasa mai raka ta.

Babba ya zo da safe. Ya ga ƙaramar talabijin a kan teburi, ya ga guntayen leda masu launi a kwandon shara, ya fita ya dawo da kafinta. Tsohon yana barci a ciki lokacin da aka fara huda ƙofar uwar ɗakan. Kafintan ya tambaya a wane tsayi za a sa sakatar. Babba ya dubi uwarsa. Ta nuna daidai kafaɗarta, inda hannunta zai kai ba tare da ta yi miƙa ba.

Aka gama, aka gwada, sakatar ta shiga ta fita ba gardama. Babba ya miƙa mata mabuɗan kwaɗon guda biyu, ta mayar masa da ɗaya. Ya ce zai biyo da yamma ya kai ta a duba idon. Ta ce to. Bayan sun fita ta ɗauko tsintsiya ta share garin katakon da ya zuba a bakin ƙofar.